Littafin Asibiti Amana Ne: Maganar Ciwon Hanta A Gaɓar Tafkin Kainji

Akwai wani ma'aikaci a kowane asibiti wanda mutane ba su cika kula da shi ba. Ba ya riƙe allura, ba ya shiga ɗakin fiɗa, ba kuwa mai ciwon da ya taɓa komawa gida ya ce wa iyalinsa shi ne ya warkar da shi. Wannan shi ne malamin ɗakin kati, wanda ke rubuta sunan mai ciwo, da shekarunsa, da garinsu, da ranar da ya zo, da abin da likita ya ce yana damunsa, sa'an nan ƙarshen wata ya tattara lissafi ya aika gaba. Maganar da mu ke so mu yi yau a kan aikinsa ne, muna kuwa ganin ta shafi dukan wanda ke cin abinci da alƙalami, ko akawu ne a ofishin ƙaramar hukuma, magajin akawunan En'e na da, ko malamin makaranta. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, ba za a san iyakar ɓarnar da ciwon hanta ke yi wa mutanen Ngaski da Yawuri da Shanga ba, balle a aika musu da maganin da ya dace da su, sai ran da littattafan asibitocinmu suka zama abin dogara kamar yadda littafin baitulmali ya ke a hannun ma'aji mai tsoron Allah.

Dalili kuwa a fili ya ke. Masu binciken cututtuka ba su da halin bin ƙasa gida gida suna ɗiban jinin kowa, gama wannan aiki ne mai cin kuɗi da lokaci, akan daɗe kuma ba a yi irinsa ba. Saboda haka yawanci sai su koma ga abin da ke rubuce a asibitoci. Amma fa shi littafin asibiti asalinsa an yi shi ne domin tafiyar da mulkin asibitin, watau a san gado nawa aka cika, magani nawa aka kashe, kuɗi nawa aka karɓa. Wanda ya rubuta shi bai zaci wata rana wani masani zai zauna a Sakkwato ko Abuja ko Jeniba ya ƙirga layukansa ba. To, in an yi kuskure a ɗakin kati, kuskuren nan ba ya tsayawa nan. Ya kan hau zuwa ƙaramar hukuma, ya wuce Birnin Kebbi, ya isa ma'aikatar lafiya ta tarayya, a buga shi cikin rahoto, a kira shi ilmi, a kuma raba kuɗi da magani bisa gare shi.

Ƙasar Da Ciwon

An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a kan Kogin Kwara cikin 1964, aka gama cikin 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,200, ya cinye tsohuwar Bussa da gungaye masu yawa, aka ta da mutane wajen 44,000 aka sake musu matsuguni. Tun daga lokacin, rayuwar Gungawa da Kambari da Sarkawa da Lopawa da Shangawa da Hausawa da Filani na wannan yanki ta ƙara ɗaurewa da ruwa. Da shi a ke su, da shi a ke noman albasa da shinkafa, a cikinsa a ke wanka da wanki, ta kansa kuma a ke zuwa kasuwar Wara da ta Yelwa. Masana sun san tun farko cewa ruwan da ya kwanta gidan katantanwa ne, katantanwa kuwa ita ke renon tsutsar tsargiya. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta aiko da masu bincike su duba halin tsargiya a gaɓar tafkin cikin 1970.

Mutanenmu sun fi sanin tsargiyar mara, wadda ke sa yaro fitsarin jini. Amma akwai wata irinta ta hanji, wadda ƙwayayenta ke bin jini su maƙale a hanta. Shekara da shekaru sai jijiyoyin jinin hanta su ƙuntace, saifa ta kumbura, ciki ya cika da ruwa, wata rana mutum ya kama aman jini. Wannan ita ce abokiyar gabar hanta ta fari a ƙasar ruwa.

Ta biyu ita ce ƙwayar ciwon hanta nau'in B, da 'yar'uwarta nau'in C. Babban binciken da aka yi a dukan Nijeriya cikin 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 kuma suna ɗauke da nau'in C. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da nau'in B a duniya, miliyan 50 da nau'in C, su biyun da sauran danginsu kuma suka kashe mutum miliyan 1.3 a shekarar. A ƙasashenmu yawanci tun ana yara a ke ɗaukar nau'in B, ko daga uwa wajen haihuwa, ko ta aska da allurar da ba a tsabtace ba, kamar wajen kaciya da tsaga da ƙaho da cire beli. Jaririn da ya ɗauka a haihuwa, tara cikin goma ƙwayar ta kan zauna a jikinsa har girma, tana cin hantarsa a ɓoye, ba zafi ba zazzaɓi, har hantar ta ƙandare ko ta yi sankara.

Ta uku ita ce dafin fumfuna, wanda a ke kira afalatoksin. An gano shi ne bayan talo-talo fiye da 100,000 sun mutu a Ingila cikin 1960 saboda cin tunkuzar gyaɗa mai fumfuna. Yana samuwa cikin gyaɗa da masara da aka adana da danshi, kuma in ya haɗu da ƙwayar nau'in B a jikin mutum ɗaya, haɗarin sankarar hanta ya kan ninka ƙwarai da gaske.

To, ga inda wahalar ta ke. Waɗannan cututtuka hanyarsu dabam dabam ce, amma in sun yi nisa kamanninsu ɗaya a idon wanda bai ƙware ba: ciki ya kumbura, ƙafafu su kumbura, jiki ya rame, wani lokaci a yi aman jini. Hausawa kuwa sun ce kama da wane ba ta wane. Maganin tsargiya ƙwaya ce mai araha, firazikwantel, wadda a ke sha bisa tsawon mutum ko nauyinsa. Nau'in B ba a raba mutum da shi sarai tukuna, amma ƙwayar tenofobir ta kan danne shi in ana sha kullum, akwai kuma allurar rigakafinsa. Nau'in C yanzu ana warkar da shi cikin kamar mako 12. Dafin fumfuna kuwa maganinsa yana gona da rumbu, wajen shanya amfani ya bushe sarai kafin a ajiye. In littafi bai rarrabe su ba, ta yaya hukuma za ta san wanne za ta fara yaƙa a Libata, wanne a Utono, wanne a Birnin Yawuri?

Ƙofofin Da Kuskure Ke Shiga

Ƙofa ta fari ita ce kalmar nan shawara. A bakinmu duk wanda idonsa ya yi rawaya shawara ce ta kama shi. Amma rawayar ido alama ce kurum, ba ita ce cutar ba. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ya kan kawo ta, amosanin jini ya kan kawo ta, toshewar hanyar matsarmama ta kan kawo ta. Hakanan ciwon hanta nau'in A da nau'in E, waɗanda a ke sha cikin ruwa mai ƙazanta, irin wanda ya ɓarke a Difa ta Jamhuriyar Nijar cikin 2017. Ga kuma ainihin zazzaɓin shawara da sauro ke yaɗawa, wanda ya sake ɓullowa a Nijeriya cikin 2017, Jihar Kebbi kuwa tana cikin jihohin da aka tabbatar da shi. Ashe wanda ya rubuta shawara kawai ya rufe littafi, ya zuba gero da dawa da maiwa a buhu guda ne, ya ce hatsi.

Ƙofa ta biyu ita ce mai da zato ya zama tabbas. Al'adar likitoci ce in ba su tabbata ba su sa alamar tambaya gaban sunan cuta, ma'ana ana zato, a jira gwaji. Sai mai kwafewa ya ɗauki sunan cutar ya bar alamar, don ba ta da gurbi a rajistarsa, ko don bai san muhimmancinta ba. Ɗigon tawada guda ne ya faɗi, amma da faɗuwarsa an ƙara mutum ɗaya cikin masu ciwon da watakila ba shi da shi. Daidai da wannan, abin da aka rubuta ranar kwantar da mutum shi ya kan zauna a rajista, ko da bayan kwana uku gwajin jini ko hoton ciki ya nuna wani abu dabam. Takardar gwaji tana cikin fayil, ba wanda ya koma ya gyara layin.

Ƙofa ta uku ita ce adireshi. Mai ciwo daga wata tunga a bakin tafki, in an kai shi babban asibiti a Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, aka tambaye shi daga ina, sai ya ce daga Yawuri, domin sunan da kowa ya sani ke nan. Wani ma sai ya ba da unguwar ɗan'uwansa da ya sauka wurinsa a birni. Mutanen Ngaski kuma suna iyaka da Jihar Neja, saboda haka waɗansu Kwantagora ta fi musu sauƙi, waɗansu su ƙetare ruwa su nufi Sabuwar Bussa, a ƙirga su cikin lissafin wata jiha. Mai bincike da ya zana taswirar ciwo daga irin wannan rubutu, taswirar inda asibitoci su ke ya zana, ciwon kuwa yana can inda ya baro shi.

Ƙofa ta huɗu ita ce suna da shekaru. Sunayenmu suna maimaituwa, a gari guda sai a sami Garba goma da Audu ashirin. Masunci yana bin kifi daga wannan gaɓa zuwa waccan, katinsa ya jiƙe ko ya ɓace, in ya dawo a yanka masa sabo, mutum ɗaya ya zama uku a littafi. Shekaru kuwa sau da yawa kintata a ke yi, a dubi fuska a rubuta 30 ko 40 ko 50, wani lokaci ma a rubuta babba kurum. Alhali kuwa shekarun da sankarar hanta ke kama mutum suna daga cikin manyan abubuwan da masana ke nema, gama a ƙasashen baƙar fata ta kan kama magidanta masu ƙarfi, ba tsofaffi kaɗai ba.

Ƙofa ta biyar ita ce ƙarshen labari. In dangi sun ga jiki ya yi nauyi, ko guzuri ya ƙare, sai su roƙi a ba su mutuminsu su tafi da shi gida. A rajista a rubuta an sallame shi, shi ke nan. Ya rasu bayan mako guda a ƙauye, an yi masa sutura, amma littafin asibiti yana nuna ba wanda ciwon hanta ya kashe. Akwai dokar 1992 da ta wajabta yin rajistar haihuwa da mutuwa a hannun Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, amma kowa ya san mutuwar ƙauye ba kasafai ta kan kai ga takarda ba.

Akwai kuma wata ƙofa da ta shafi mutunci. Mutane da yawa sun ɗauka hanta ba ta ƙandarewa sai ga mashayin giya. Gaskiya ne giya tana ɓata hanta, amma ba ita kaɗai ba. Wanda ya rubuta giya a fayil don ya ga ƙabilar mutum ko garinsu, ba tare da an tambaya an tabbatar ba, ya yi ƙazafi, ya kuma ɓatar da mai bincike. Wanda kuma ya san mai ciwo yana sha ya ɓoye don kunya, shi ma ya ɓata lissafi.

Yadda A Ke Auna Gaskiyar Littafi

Duniya ta daɗe da ganin wajibi ne a kira kowace cuta da suna ɗaya a ko'ina. Tun 1893 wani Bafaranshe, Jacques Bertillon, ya tsara jerin dalilan mutuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi riƙon jerin cikin 1948, shi a ke kira ICD. Bugu na 11 ya fara aiki ran 1 ga Janairu 2022, ko da ya ke wurare da yawa har yanzu da na 10 su ke aiki. A cikin na 10 ɗin, shawarar da ba a san dalilinta ba lambarta R17, nau'in B da ya zauna a jiki B18.1, tsargiyar hanji B65.1, ƙandarewar hanta K74.6, sankarar hanta C22.0. A lura da kyau, tsarin da kansa ya tanadi gurbin abin da ba a tabbatar ba. Watau ba aibi ba ne a rubuta ba a san dalili ba. Aibi shi ne a rubuta abin da ba a sani ba kamar an sani.

Ko a ƙasashen da ke da likitoci da na'urori birjik, masana ba su yarda da lambobin nan ido rufe ba. Abin da su kan yi shi ne su zaro fayiloli ba zaɓe, su ba ƙwararren likita ya karanta kowanne daga farko har ƙarshe, da gwaje-gwajensa da hotunansa, sa'an nan a gwada hukuncinsa da abin da rajista ta ce. Wani bincike irin wannan da aka buga cikin 2008 a kan asibitocin tsofaffin sojojin Amurka ya sami cewa cikin waɗanda aka sa wa lambar ƙandarewar hanta, kamar tara cikin goma da gaske suna da ita, amma lambar nau'in B ta kasa haka nesa. In haka ta faru a can, ina ga inda malami ɗaya ke yanka kati, ya nemo fayil, ya kuma cika rajista?

Bari mu kawo misali don a gane tambayoyi biyu da a ke yi wa kowane littafi. Mu ɗauka rajista ta ce mutum 100 suna da ƙandarewar hanta, likita ya duba ya sami 70 ne kaɗai ke da ita. Wannan amsar tambaya ta fari ke nan, watau in littafi ya ce akwai, sau nawa ya yi gaskiya. Sa'an nan mu ɗauka likitan ya bi sauran fayilolin ya tarar da waɗansu 70 masu ciwon, waɗanda aka rubuta musu kumburin ciki ko ciwon ciki kawai. Ashe masu ciwon 140 ne, littafi ya kama rabi ya saki rabi. Wannan ita ce tambaya ta biyu, watau cikin masu ciwon na gaskiya, nawa littafi ya gani. Duk akawun da ya taɓa jin labarin ƙirgan jangali ya san abin nan: akwai shanun da aka rubuta sau biyu, akwai kuma waɗanda aka kora daji ba a gan su ba, jimla kuwa ba ta nuna ko ɗaya daga cikin kurakuran biyu.

Amfanin rubutu mai kyau ya kan daɗe bai bayyana ba, amma in ya bayyana babba ne. A ƙasar Gambiya, cikin 1986, aka fara wani aiki na gwada ko allurar rigakafin nau'in B da a ke yi wa jarirai za ta hana su sankarar hanta in sun girma. Yara fiye da 120,000 aka rubuta. Masu aikin sun san amsa ba za ta fito ba sai bayan shekaru talatin ko fi, sun kuma san sunaye za su rikice, saboda haka suka ɗauki shaidar tafin hannu da ta tafin ƙafa na yaran, suka kafa rajistar sankara ta ƙasa baki ɗaya a shekarar. A nan gida ma, rajistar sankara ta Ibadan tun 1960 aka kafa ta, da ita kuma duniya ta fara sanin irin sankarar da ke damun mutanen Nijeriya. Nijeriya ta sa rigakafin nau'in B cikin alluran yara cikin 2004. Yaran farko da aka yi wa yanzu sun zama samari da 'yan mata. Ko allurar ta kāre 'ya'yan Wara da Yelwa yadda a ke fata, littattafan da a ke cikawa yau su ne za su ba da amsa nan gaba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin Da Masu Musu Za Su Ce

Wani zai ce, a wurin da ba isasshen likita ba magani, maganar takarda ai wasa ne, a fara ceton rai tukuna. Muna girmama wannan magana, amma mai ita ya manta cewa likita da magani ana raba su ne bisa takarda. Ƙasar da littafinta ya nuna ba ta da ciwo, ba wanda zai aika mata da kayan gwaji. Sa'an nan rubutu mai kyau shi mai ciwon ya ke fara amfana, domin in ya dawo bayan shekara likita ya ga abin da aka yi masa, ba sai an sake gwaji ya sake biya ba.

Wani zai ce kwamfuta ta zo, za ta gyara kome. Gaskiya ne yanzu lissafin wata-wata na asibitoci ana shigar da shi cikin tsarin DHIS2, wanda aka ƙirƙira a Jami'ar Oslo, ya kuma sauƙaƙa aikawa ƙwarai. Amma na'ura abin da aka ba ta shi ta ke riƙewa. In an ba ta zato za ta isar da shi Abuja kafin la'asar, a tsare cikin kyakkyawan jadawali, har ya fi da kama da gaskiya.

Wani kuma zai ce laifin ba na malamin kati ba ne, tun da ya ke in ba kayan gwaji ba yadda za a san dalilin ciwo. Wannan haka ya ke, mu ma ba mu ɗora masa laifin shi kaɗai ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Likitan da ke rubutu kamar tafiyar kaza, da shugaban da bai taɓa leƙa ɗakin kati ba, da hukumar da ba ta sayi rajista da fayil ba har a ke rubutu a bayan tsohuwar takarda, duk suna da rabonsu. Amma ko ba kayan gwaji, faɗin gaskiya ba ya bukatar na'ura.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Da fari, a raba gurbi biyu a kowace rajista, na abin da a ke zato da na abin da aka tabbatar, a kuma rubuta da me aka tabbatar, gwajin jini ne, ko na bayan gida, ko hoton ciki. Ranar sallama a koma a rubuta hukuncin ƙarshe. Na biyu, a rubuta sunan mai ciwo da na ubansa, da ƙauyensa, da gundumarsa, da ƙaramar hukumarsa, da sana'arsa, a kuma nemi tsohon katinsa kafin a yanka sabo. In bai san shekarunsa ba, a auna da abin da kowa ya tuna, kamar cikar tafki a 1968, ko kafa Jihar Kebbi a 1991. Na uku, wanda aka tafi da shi gida ba da yardar likita ba a rubuta haka a sarari, dagatai da masu unguwanni kuma su taimaka wajen kai labarin rasuwa ga masu rajista. Na huɗu, wanda ya fi duka, a riƙa binciken littafin asibiti kamar yadda odita ke binciken littafin kuɗi. Ko sau ɗaya a wata uku, likita da malamin kati su zauna su zaro fayil 20 ko 30 su gwada da rajista, su rubuta yawan waɗanda suka dace. Duk mai bincike da zai buga lissafi daga littattafan yankin nan kuma, ya fara yin wannan gwaji, ya faɗa wa masu karatu sakamakonsa.

Malaman makaranta su ma suna da hannu a ciki. Su ne a kan ba sandan awo da ƙwayoyin tsargiya su raba wa yara, su ne kuma ke cika rajistar rabon. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ita ce, garin da tsargiya ta kama kashi 10 cikin 100 ko fi, a ba kowa magani kowace shekara tun daga mai shekara 2. Malamin da ya rubuta yaro ya sha alhali ranar yana bakin ruwa wajen taru, ya cuci yaron, ya kuma sa hukuma ta zaci an gama aiki. Hakanan su riƙa tuna wa iyaye su adana katin rigakafi, su kuma kai jariri a yi masa allurar nau'in B cikin awa 24 da haihuwa.

Abu na ƙarshe shi ne riƙon asiri. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa asibiti ajiye bayanin kowane mai ciwo, ta kuma hana bayyana shi ba bisa ƙa'ida ba. Garuruwanmu ƙanana ne, malamin kati ya san kowa, kowa ya san shi. In aka ji labarin ciwon wane a majalisa, ko aure ya lalace saboda abin da ya fito daga ɗakin kati, mutane za su riƙa ba da sunan ƙarya, ko su ƙi zuwa sam, littafi kuwa ya mutu ke nan.

Ƙasashen duniya sun yi alkawari cikin 2016 za su kawar da ciwon hanta mai ƙwaya daga zama annoba nan da 2030. Lokaci ya matso, ba kuwa wanda zai iya cewa an ci gaba ko an ci baya a gaɓar Kainji sai da lissafi na gaskiya. Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Ngaski da Yawuri da Shanga, da ma'aikatar lafiya ta jiha, da hakimai, su ba ɗakin kati ma'aikata da horo da kayan aiki, su kuma riƙa tambayarsa lissafi. Ku kuwa ma'abuta alƙalami, ku sani kowane layi da kuka ja shaida ce kuka bayar a kan ran wani bawan Allah wanda ba ya iya karanta abin da kuka rubuta. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.